Randar Inna a Bayan Babur

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Matan unguwa su shigo da sunan barka da dawowa, su zauna, su ce, Ige, wai da gaske cikin amalanke aka ja ki har ƙasar Nijar? Na faɗa wa wannan, na faɗa wa waccan, har labarin ya fara yin rassa a bakin mutane. Jiya ma na ji an ce wai raƙumi ne ya ja mu. Shi ya sa na kira maƙwabciyata Malama Rifkatu, mai koyarwa a firamare, na ce ta zo da alƙalaminta. Ni ban yi boko ba. Ni ke faɗa, ita ke rubutawa. Ba tatsuniya ba ce, ba sai kun amsa mini ba, ku dai gyara zama.

Mu biyu Inna ta bari a duniya, ni da Yaya Kulu. Aure ya kai Yaya Kulu wani ƙauye a bayan Kwanni tun ina yarinya, can ta haihu, can ta tsufa. Ni kuwa da maigidana ya rasu sai na koma gidan mahaifinmu a Ƙofar Taramniya, ɗakin Inna, kusa da randar Inna.

Randar nan kun san ta, duk wadda ta taɓa shigowa gidanmu ta sha ruwanta. Babba ce, yaro zai shiga ciki ya ɓuya. Tana binne zuwa ƙugu cikin yashi ƙarƙashin rumfa, jikinta ya yi baƙi, ya yi santsi don shafar hannuwa. Inna ta zo da ita ranar da aka kawo ta gidan, kuma ta kafa mata doka guda: ba a barin ta ta kai ƙasa. Sabon ruwa kan tsoho ake zubawa. Ko wanke ta za a yi, sai a ɗebi ƙwarya guda a ajiye gefe, in an gama a fara mayar da shi kafin a zuba na rijiya. Haka Inna ta yi, haka na ci gaba bayanta. Saboda haka a wurina ruwan da Inna ta zuba da hannunta yana nan ciki, ko da ɗigo ne.

Da bazara ta kama sai Rabi, ɗiyar Yaya Kulu, ta aiko da murya a waya. Ta ce tsufa ya taɓa hankalin uwarta. Ba ta gane 'ya'yanta, ba ta gane ɗakinta. Kullum da safe sai ta ƙulle tufafinta cikin zane, ta fito bakin ƙofa ta zauna, tana jiran motar da za ta kai ta gida Sakkwato. Duk wanda ya wuce ta roƙe shi ya tafi da ita. Abinci sai da lallashi, ruwa kuwa in an ba ta sai ta kurɓa ta tofar, ta ce ba na gidansu ba ne. Kuma jikinta ba zai ɗauki hanya ba.

Na kwana biyu ina juya maganar. Rana ta uku ina tsaye ina shan ruwa, moɗa a hannuna, sai na ce a raina, tun da ba za ta iya zuwa gida ba, bari a kai mata abin da ya rage na gidan.

Na je tasha. Direba na farko ya ce a kife ta a saman mota a ɗaure. Na biyu ya ce a zubar da ruwan a cusa mata buhunan albasa don kada wuri ya tafi a banza. Na uku dariya kawai ya yi. Na dawo gida na aika a kira mini Bello.

Bello jikana ne, ɗan babban ɗana, magidanci da 'ya'yansa biyu, yana walda a Runjin Sambo. Yana da wata amalanke da ya ƙera da kansa don kai wa mutane ƙofofi da tagogin ƙarfe. Ƙafa biyu gare ta na tsohuwar keke mai ƙafa uku, an shimfiɗa mata katako, ga dogon wuya na ƙarfe da ke zuwa ya kama bayan babur, a zura wata ƙatuwar ƙusa ta riƙe su. Da na faɗa masa buƙatata sai ya zagaya randar, ya ƙwanƙwasa cikinta, ya dube ni.

Ya ce, "Amaryata, ki bari a zubda ruwan ga. Randa za mu kai Kwanni ko rijiya?"

Na ce masa in an zubar da ruwan to ya bar ta inda take, don tukwane ba su ƙare a kasuwar Kwanni ba. Ya ce a juye a jarka. Na ce ruwan Inna bai san roba ba, kuma randar da ta shekara da shekaru a jiƙe in ta bushe cikin wannan rana tsagewa za ta yi. Muka ja, muka ja, har muka tsaya a kan rabi. Shi yana ganin ya rage nauyi, ni ina ganin na tsira da ruwana. Dukanmu muka tashi muna murna, ba mu san abin da muka ƙulla wa kanmu ba.

Da aka tona yashin aka ɗaga ta, sai ga wani tsohon kwaɗo a ƙarƙashi, fari fat don rashin ganin rana. Ya dube mu, muka dube shi. Na ce a bar shi, shi ma ɗan gida ne. Bello ya aza randar kan tsohuwar taya, ya kewaye ta da buhunan ƙaiƙayi, ya ɗaure da igiya ta kowane gefe. Ni kuma ƙuguna ba ya yarda da hawan babur, ga shi dole wani ya riƙe randa, sai aka shimfiɗa mini tabarma da matashi a ƙarshen amalanken. Na zauna na ba babur baya saboda hayaƙi, na jingina da randa, na rufa da mayafi.

Bayan sallar asuba muka tashi. Ban taɓa barin gari ina kallonsa ba sai ran nan. Wanda ke cikin mota gabansa yake gani, ni kuwa abin da muka wuce shi nake gani. Ƙofar gidanmu ta ƙanƙance, mai ƙosai ta bakin titi ta ƙanƙance, yara suka biyo mu da gudu suna dariya, su ma suka ƙanƙance suka ɓace. Kamar ba ni ke tafiya ba, kamar garin ne ake janyewa daga gabana a hankali, yadda ake janye tabarma daga ƙarƙashin yaro mai barci. A bayana ruwa yana magana cikin randa, ƙasa-ƙasa, irin maganar da Inna ke yi ita kaɗai in tana tankaɗe.

Muna cikin gari lafiya lau, don Bello a hankali yake tafiya. Da muka haye gada muka miƙi hanyar Kware sai ya ɗan ƙara wuta. Nan ruwa ya canza murya. Ya tafi dama ya bugi randa, ya dawo hagu ya buga, amalanke ta fara bin sa. Sai wata babbar mota ta wuce mu da iskarta. Amalanke ta shiga kaɗa gindi kamar akuyar da ƙuda ya dama, tana jan babur nan, tana jan sa can. Na ji Bello yana salati, ni ma na kama. Allah ya sa bai danne birki da ƙarfi ba, ya dai saki mai, ya bar mu muka gangara gefen hanya cikin yashi muka tsaya. Ruwa ya yi tsalle ya ture murfi ya jiƙa ni tun daga wuya har ƙugu.

Na zauna ina jin sanyinsa a bayana. Ban ji tsoron mutuwa ba kamar yadda na ji zafin ruwan nan da ƙasa ta shanye.

Wata Bafulatana mai tallan nono tana zaune gindin bishiya, duk abin a gabanta aka yi. Ta taso ta yi mana sannu, ta leƙa randa, ta tambaya ko a garinmu ba a ɗauko ruwa a kai. Ta juye ɗan nonon da ya rage a ƙaramar ƙwaryarta, ta ɗauraye ta tas, ta kife ta a kan ruwan. Kunya ta kama ni, don abin da na sani ne tun ina budurwa: rabin ruwa shi ke rawa, in ka kifa masa ƙwarya sai ya kwanta. Zaman gida ya sa na manta. Shi ma Bello ya duba kayansa ya ce laifin ba na ruwa ba ne shi kaɗai. Na zauna can ƙarshe, bayan tayoyi, nauyina yana ɗaga wuyan amalanken. Ya kwance igiya, ya daidaita randar a kan tayoyi sosai, ya mayar da ni gabanta wajen wuya. Ya ce da ƙofofin ƙarfe bai taɓa yin wannan kuskure ba, amma ƙofa ba ta zaɓar wurin zama da kanta. Muka ɗaure bakin randa da zane da robar taya. Muka sha fura a wurin matar, mai kauri, da tsamin da ke tsayawa a maƙoshi. Ta ce in mun dawo mu kawo mata ƙwaryarta, ta uwarta ce. Na ce ai ni na fi kowa sanin wannan.

Daga nan tafiya ta daidaita. Yanzu randa tana gabana, na rungume ta, kuncina a jikinta. Rana ta ɗaga, iska kamar daga bakin murhu, amma jikin randa yana zufa mai sanyi. Masu babur su zo daidai mu su rage gudu su yi tambaya. Wani ya ce ko amarya ce ake kaiwa da kayan ɗakinta. Bello ya ce e, amma an mayar da ita gida sau uku, wannan ne gwaji na ƙarshe. Wanda ke jan ka a amalanke ba ka faɗa da shi sai an sauka.

Kafin Gwadabawa akwai inda ake gyaran hanya, aka karkatar da mu cikin wata turba mai yashi da ramuka. Girgiza ta yi yawa, Bello ya koma tafiyar da mai ƙafa zai iya bi. Ni kuwa rurin babur da sanyin randa suka haɗu suka sa ni gyangyaɗi. Ina cikin haka na ji an ɗan tura ni baya, sai kuma komai ya tsaya. Rurin babur ya yi nisa, ya yi nisa, ya ɗauke.

Na buɗe ido. Babu hayaƙi, babu girgiza. Gonaki ne fetal ba shuka, sai kututturen gero na bara. Wata kurciya tana kuka a wani wuri. Na ce a raina to, ashe haka abin yake zuwa, ba ciwo, ba hayaniya, an dai kwance ka daga abin da ke jan ka. Na ji ban damu ba. Na ga kamar ga Inna can tana tahowa ta cikin gona da tulu a kai, tafiyarta ta mai jan ƙafar hagu, ga Yaya Kulu a bayanta da guga, tana waiwayowa tana yi mini gwalo don an bar ni tsaron gida. Na ɗaga hannu in kira su. Sai hasken rana ya motsa, suka zama wata mata da ɗiyarta masu ɗaukar itace, suka wuce abinsu.

Ƙusar ce ta yi tsalle ta fita, wuyan amalanke ya faɗi ya nutse cikin yashi. Yashin ne ya cece mu, da a kan kwalta ne da wani labarin ake yi. Can sai ga Bello ya dawo, fuskarsa ta yi fari kamar ta kwaɗon nan. Ya ce ya ji babur ya yi sauƙi farat ɗaya, har ya fara gode wa Allah, yana ta ba ni labari, sai da ya ji ban ce masa ƙarya yake ba sannan ya waiwaya. Ya durƙusa ya duba randa kafin ya duba ni. Ban ji haushi ba, ni ma haka zan yi.

Ƙusar ta lanƙwashe. Muka lallaɓa da ita har cikin Gwadabawa, Bello ya sami wani mai walda ɗan'uwan sana'arsa. Suka miƙe ta, suka huda ƙarshenta suka sa mata abin da zai hana ta fita, suka ƙara sarƙa tsakanin babur da amalanke, ko ƙusa ta sake yin halinta. Wuta ta ɗauke, aka jira, aka tada inji. Ni ina zaune a inuwa. A nan ne wani dattijo mai jaki ya ga randa tana zufa ya ce, "Baiwar Allah, a sammana ruwa." Kun san ba a hana ruwa. Na kwance zane na ɗebo masa. Ya sha ya lumshe ido, ya ce rabonsa da irin wannan tun uwarsa na da rai. Masu walda suka ji, su ma suka miƙo hannu.

La'asar ta yi kafin mu kai Illela, kuma ba a son hanya da yamma a wannan zamani. Dama mai waldan nan ya haɗa mu da wata gwaggonsa a Illela mai sayar da tuwo, wadda fatake mata ke sauka gidanta. Gida ne mai faɗi, ko'ina buhunan albasa, har ruwan alwala warin albasa yake. Aka shigo da amalanke tsakar gida. Ta ba mu tuwon gero da miyar kuka mai daddawa da yawa, ta ƙi karɓar komai, ta ce wadda ta ɗauko randa don 'yar'uwarta ba baƙuwar kuɗi ba ce. Matan suka kewaye ni ana hira. Wata mai kai atamfa ta ce ita uwarta da ta rikice kullum tsakar gida take shara tana neman wani zobe. Wata ta ce nata uban sunan shanunsa da suka mutu yake kira ɗaya bayan ɗaya. Kowace da nata. Kuma kowace, in ta gama ba da labarinta, sai ta dubi randa. Na ba su. Ina miƙa moɗa, ina jin hannuna yana ƙara nisa kafin ya taɓa ruwa.

Da safe Bello ya leƙa ya ce in dai haka za mu ci gaba, ƙwaryar Bafulatana kaɗai za mu kai. Ya ce a ƙara da ruwan gidan, ai doka ta yarda, sabo kan tsoho. Gaskiyarsa. Amma na ɗanɗana ruwan rijiyarsu na ji gishiri-gishiri, na ce a'a. Harshen Yaya Kulu ya manta sunan 'ya'yanta amma bai manta ruwa ba. In ta kurɓa ta tofar, to tafiyar ta tashi a banza.

Iyaka ba wani bango ba ne kamar yadda nake zato. Sanda ce aka gitta, da rumfuna, da mutane masu kaki, da hayaniyar masu canji. Ma'aikatan suka tsaya kan amalankenmu suna shawara ko mota ce ko kura, don ba su san a wane layi za su sa ta ba. Bello ya nuna takardun babur. Sai babbansu, wani dogo mai furfura a gemu, ya nuna randa ya ce mene ne ciki. Aka ce ruwa. Ya ce mutane na wucewa da fetur cikin abubuwan da suka fi wannan ban mamaki, aikinsa ne ya tabbatar. Wani yaronsa ya ɗauko sanda zai tsoma. Na dafe bakin randa na ce kada a sa mata itace, in shakka ake yi ga moɗa.

Ya karɓa ya sunsuna, ya kurɓa. Ya tsaya. Ya shanye sauran a hankali, ya tambaye ni ruwan ina ne. Na ce Ƙofar Taramniya, na faɗa masa inda za shi da dalili. Yaransa sun riga sun matso, kowa na lasar leɓe, ga rana ta fara zafi. Na riga na miƙa hannu zan ɗebo. Sai ya mayar mini da moɗa ya ce musu wannan ruwa da mai shi, kowa ya koma bakin aikinsa. Ya ɗaga sanda da kansa.

A ɗaya gefen ma an tambaya, amma da suka ga tsohuwa rungume da randa sai ɗayansu ya sara mini kamar wata babba, ya ce mu wuce.

Kwanni ta ba ni mamaki ta inda ban zata ba. A Sakkwato yara sun bi mu da dariya, a can ko kallo ba mu ishi kowa ba, don amalanken jakai sun cika gari, tamu ɗaya ce cikinsu, jakinmu ne kawai mai shan fetur. Na ga mata da lulluɓinsu suna tuƙa babur da kansu, wata har da goyo. Na ga burodi dogo kamar taɓarya, mutum ya saƙale shi a hammata ba leda ba takarda, ya tsaya yana gaisawa. Bello ya sayo, ɓawonsa ya kusa tafiya da haƙorin da ya rage mini. Shayinsu cikin ɗan kofin da bai fi babban yatsa ba, kuma sai an yi zagaye uku, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi. Suka ba ni cuku, busasshen nono ne falle-falle da zanen tabarma a jikinsa, na jiƙa a shayi na ci. Hausarsu kuwa tamu ce sak, ta fi ta Kano kusa da kunnena, sai dai jefi-jefi su sako wata kalma ta Faransa da ban san kanta ba.

Daga Kwanni muka bar kwalta. Yashi, ƙaya, yashi. Inda ya yi zurfi sai Bello ya sauka ya tura, ni ina sama ina addu'a. Yanzu ruwa ya daina magana. Ƙwaryar ce kawai nake ji tana gogar ƙasan randa, ƙwas, ƙwas, abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

Tun daga nesa na gane gidan, don na hango ta. Tana zaune bakin ƙofa kan buzu, ƙullin kaya a cinya, ta riƙe shi da hannu biyu. Ta ƙanƙance kamar yarinya. Rabi ta fito da gudu ta rungume ni tana kuka. Na sauka da ƙyar, ƙafafuna sun mutu, na je na durƙusa gaban yayata na gaishe ta. Ta dube ni da kyau, da ladabi, irin duban da ake yi wa baƙo.

Ta ce, "Baiwar Allah, Sakkwato za ki? Ki tahi da ni. Ba ni da nauyi."

Na juya na ce wa Bello a sauke.

Maza huɗu suka kama. Na sa aka tona rami ƙarƙashin rumfar Rabi, aka zuba yashi, aka zaunar da randa zuwa ƙugu, bakinta ya ɗan karkata gabas yadda take a gida. Surukar Rabi ta leƙa ta ga ruwan bai fi a wanke hannu ba, ta ɗauko bokiti za ta cika. Na riƙe hannunta. Na cire ƙwaryar Bafulatana, na mayar da murfi, na aza moɗa a kai. Sa'an nan na ce kowa ya koma gefe, kada a kira ta, kada a nuna mata.

Mun daɗe. Kaji suna ta kiwo, inuwa ta matsa. Can sai ta waiwayo cikin gida, idonta ya sauka kan randa. Ta miƙe da ƙullinta, ta taho tana dafa bango. Ta tsaya. Ta sa tafin hannu ta shafa cikin randar, ta bi baki da yatsa har ta kai wani ɗan gurbi inda ya ɓalle tun muna yara, ta tsaya a nan. Ta ɗaga murfi ba tare da ta duba ba, ta zura moɗa. Hannunta ya tafi har kafaɗa. Muka ji moɗa ta kankari ƙasa.

Ta sha. Na zuba wa maƙoshinta ido. Ta haɗiye. Ta sake kai wa baki ta shanye, ruwa na bin haɓarta. Sai ta leƙa cikin randa, ta ɗago, ta juyo, ta dube ni, ni ɗin nan, fuska a ɗaure.

Ta ce, "Ige, ke wace irin ɗiya ce? Kin bar randar Inna ta kai ƙasa. Ɗauko guga mu tahi rijiya tun ba ta dawo ba."

Na ce, "To, Yaya."

Ta duba nan ta duba can tana neman abin da za ta yi gammo. Ba ta ga komai ba sai ƙullin da ke hannunta. Ta tsuguna ta kwance shi, tufafi suka zube a ƙasa, ta naɗe zanen ta aza a ka. Rabi ta toshe bakinta da mayafi. Muka fita, ita a gaba, ni a baya da guga, Bello na biye da mu daga nesa da bokiti. Ɗan abin da ta iya ɗauka bai fi ƙoƙo ba, amma ita ta zuba shi da hannunta, sabo kan tsoho. Da ta sha daga baya ba ta tofar ba. Ta ce ruwan ya ɗan canza, laifina ne da na bar shi ya yi ƙasa.

Na yi kwanaki a can. Ba zan ce muku ta warke ba. Wata rana ta san ni, wata rana ta tambaye ni ɗiyar wa ce. Amma ba ta sake ƙulla kaya ba, ba ta sake zama bakin ƙofa ba. Wurin zamanta ya koma gindin randa, tana korar kaji, tana yi wa jikoki faɗa in sun bar murfi a buɗe.

Ranar dawowa na sayi ɗan tulu a wurin maginan garin, na ɗebi moɗa biyu daga randa na zuba, na riƙo shi a cinya. Amalanke ba kaya sai tsalle take, Bello ya ɗora mata buhun gero da Rabi ta ba mu don ta natsu. Mun tsaya wajen Kware mun mayar wa Bafulatana ƙwaryarta, da cuku a ciki.

Da na shiga gida na tarar da gurbin randa yana nan, yashin bai gama bushewa ba, kwaɗon yana zaune a tsakiya. Na sayo sabuwar randa na zaunar a wurin, na fara juye abin da ke cikin tulu kafin na rijiya. Har yanzu tana warin sabuwar ƙasa, ba ta iya sanyi ba tukuna.

Iyakar abin da ya faru ke nan, babu raƙumi a ciki. Wadda ta zo ta ga moɗa a kan murfi ta sha, ba sai ta tambaya ba. In ta ga ruwa ya yi ƙasa, guga na rataye a bakin rijiya.